Babi na Uku: Rake Ɗaya, Fadama Biyu

Manomin rake a Makarfi ko Kudan ba ya zuwa kasuwa neman ƙwayar iri kamar mai masara. Sandar rake yake sara gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da gaɓa biyu ko uku, kowace gaɓa da idonta, ya kwantar a kunya ya rufe da ƙasa. Abin da ya tsiro daga idon nan raken bara ne ya sake fitowa, domin babu uba a lamarin, balle gauraye. To, a ce wa da ƙane sun raba sanda ɗaya, wan ya dasa nasa a fadama mai laka a wajen Likoro, ƙanen ya kai nasa gefen tudu inda ruwa ke saurin janyewa. Ranar sara za a ga bambanci a tsawo da kauri da yawan ruwa, mai dafa mazarƙwaila kuma zai gane tun daga matsa. Sai dai baƙin rake bai taɓa komawa fari don an sauya masa gona ba. Akwai abin da iri ya zo da shi, akwai wanda ƙasa ta ba shi, manomi kuwa bai taɓa tsayawa gardamar wanne ne gaskiya ba, domin da su biyun yake aiki.

A kan ɗan Adam ne muke rabuwa gida biyu. Idan yaro ya taso da halin ubansa sai a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko a ce a nono ya sha. Idan ya bauɗe sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bakin da ya ce hali zanen dutse shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magabatanmu sun ga duka biyun da idonsu, abin da ba su samu ba shi ne hanyar aunawa. Ga shi kuwa hanyar tana cikin gidajenmu, wato Hassan da Hussaini.

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabe biyu, ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne sak, su ne masu kamar da har maƙwabta ke ruɗewa. Irin waɗannan ba su wuce 3 zuwa 4 cikin kowace haihuwa 1,000 ba, kusan ko'ina a duniya. Akwai kuma 'yan ƙwai biyu, waɗanda a wajen gado ba su fi wa da ƙane kusanci ba, sun dai yi tarayya a ciki ɗaya ne. Su ne suka yi yawa a Nijeriya, musamman a ƙasar Yarbawa inda garin Igbo-Ora ya yi suna da su. Dabarar masana mai sauƙi ce. Dukan nau'in biyu gida ɗaya suke tashi, tukunya ɗaya, tsawa ɗaya. Idan aka tarar 'yan ƙwai ɗaya sun fi 'yan ƙwai biyu kama da juna a hali, to rarar daga jini ta fito.

A 1979 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Thomas Bouchard, ya ɗauki hanya mafi tsauri: ya shiga neman tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowa ya girma a gidan riƙo daban. Waɗanda suka ja hankalinsa su ne Jim Lewis da Jim Springer na jihar Ohio, da suka haɗu suna da shekara 39. Jaridu sun yi ta yayata abubuwan mamaki a kansu, har da cewa kowannensu ya auri mace mai suna Linda, ya rabu da ita ya auri Betty. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, domin babu ƙwayar gadon da ke zaɓar wa mutum sunan mata, dace ne kawai. Abin da ke da nauyi shi ne awon da aka yi wa tagwaye fiye da ɗari cikin shekaru ashirin, inda aka ga 'yan ƙwai ɗaya da suka tashi a rabe sun yi kama a hali kusan daidai da waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. A 2015 wasu masana suka tattara bincike 2,748 da aka yi a kan tagwaye sama da miliyan 14 cikin shekara hamsin, suka ga gado na ɗauke da kimanin kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a siffofinsu gaba ɗaya. A kan hali kaɗai, wato fara'a da son shiga jama'a, sauƙin kai, tsari da riƙon aiki, saurin damuwa, da son sabon abu, ƙiyasin ya tsaya wajen kashi 40.

A lura da abin da adadin ke nufi. Bai ce kashi 40 na haƙurin Malam wane daga ubansa ya zo, sauran daga makarantar allo ba. Magana ce a kan jama'a: idan ka tara mutanen gari ka ga wani mai zafi wani mai sanyi, kusan kashi 40 na wannan bambancin yana komawa ga bambancin abin da suka gada. Kuma adadin na wurin da aka auna ne da zamanin da aka auna shi.

Sauran kashi 60 ɗin ne ya ba masana mamaki. Kowa ya zaci gida ne, wato tarbiyyar da 'ya'yan mutum ɗaya suka yi tarayya a cikinta. Sai aka tarar yaran da aka riƙa a gida ɗaya ba tare da dangantakar jini ba, idan suka girma, kamarsu a hali kaɗan ce ƙwarai. Mafi yawan rarar tana cikin abin da ya sami kowane yaro shi kaɗai: ciwon da ya yi, abokan da ya bi, malamin da ya riƙe hannunsa ko ya karya masa gwiwa, da kuma yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa tun a ciki ta hanyar da ko a tagwaye ba ta zuwa ɗaya. Mu da muke da al'adar riƙo ya kamata mu fi kowa gane wannan. Goggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta tun daga yaye, ta haɗa da nata, ta koya musu sallah da girki da gaisuwa iri ɗaya, duka su iya. Amma ranar da rai ya ɓaci sai ka ji ana cewa, "Wannan zuciyar ta gidansu ce." Gida na ba yaro harshe da addini da ladabi da sana'a, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Zafin rai ko sanyinsa kuwa, da tsoro ko ƙarfin hali, yawanci da kayansa ya zo. Ko maganar da muke yi cewa ɗan fari kaza ne, auta kaza ne, wani bincike na 2015 a kan mutum fiye da 20,000 a Jamus da Ingila da Amurka bai ga jerin haihuwa ya sauya ginshiƙan hali ba. A wajenmu, inda uwa ke kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa, auta kuwa ana shagwaɓa shi, tambayar tana nan a buɗe ga mai son ya auna.

Nan ne nake son mai karatu ya tsaya da kyau, domin daga "ana gadon hali" zuwa "gidan wane ba su da hali" taku ɗaya ne, kuma takun kuskure ne. Kowane mutum na ɗauke da ƙunshin gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba, masana na kiran su kuromosom. Uba ba ya miƙa wa ɗa duk abin da yake da shi. Rabi yake bayarwa, kuma rabin da ya fito kamar ƙuri'a ne: daga uba kaɗai ana iya samun haɗi daban-daban sama da miliyan 8, daga uwa ma haka, tun ba a lissafa musanyen da ƙunshin ke yi a tsakaninsu ba. Shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya suke tarayya a kimanin rabin abin da ke bambanta mutane, jika ya ɗauki kusan rubu'i daga kowane kaka, tattaɓa-kunne kuma ɗaya bisa takwas. Kafin a kai kakan kaka, rabon ya zama ɗaya bisa sha shida. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zargin matarsa don ta haifi ɗa baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma ya yarda akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya kuma ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Gado na iya tsallake uba ya ɗauko na nesa, yana kuma iya barin abin da kowa ya zaci zai ɗauka.

Ƙari a kan haka, babu ƙwaya guda mai suna ƙwayar fushi ko ta sata ko ta rowa. A 1996 an yi ta murna cewa an gano ƙwayar son kasada da ta fargaba, ɗaya mai alaƙa da sinadarin dofamin, ɗaya da sirotonin. Da aka sake gwadawa da mutane masu yawa sai mafi yawan wannan da'awa ta rushe. Binciken da aka buga a 2018 a kan mutum kusan 450,000 ya sami wurare 136 a cikin DNA da ke da hannu a saurin damuwa, kowanne da tasiri ɗan mitsitsi, kuma duka-duka ɗinsu ba su bayyana sai ɗan kaɗan daga abin da ake gada ba. Hali taron dubban ƙananan abubuwa ne da ake sake cakuɗawa a kowace haihuwa.

To ina hujjar wanda ya hana 'yarsa auren saurayi mai sallah da sana'a da kunya don kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko maroƙi, ko don an ce asalinsu bayi ne? Sana'a koyo ce, bauta kuwa zalunci ne da ya faɗa wa mutane, babu ɗayansu da ke rubuce a jini. Bincike kafin aure abu ne mai kyau, amma a binciki mutumin: yadda yake da mahaifiyarsa, yadda yake biyan bashi, abin da yake yi idan ya fusata. Turawa sun bi wannan ɓatacciyar hanya har ƙarshenta, da sunan kimiyya. Francis Galton, wanda ya fara kawo shawarar nazarin tagwaye a 1875, shi ne kuma a 1883 ya raɗa wa aƙidar "gyaran iri" suna. A ƙarƙashinta aka hana mutum sama da 60,000 haihuwa da ƙarfin doka a Amurka, aka yi wa kimanin 400,000 haka a Jamus ta Hitila. Duk inda aka fara yanke wa zuriya hukunci a dunƙule, zalunci ne ke biyo baya.

Yankinmu ma ya ba da tasa shaidar. A ƙarshen shekarun 1960 wani ɗalibin Jami'ar Chicago, Jerome Barkow, ya zauna a karkarar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zazzau da Katsina kafin a sa mata suna Kaduna a 1976, yana kwatanta Hausawa Musulmi da Maguzawa. Duk mutumin Ikara ko Makarfi ya san waɗannan maƙwabta. Harshe ɗaya, tushe ɗaya, sau da yawa ma dangi ne da Musulunta ta raba. Amma dubi mace a gidan Maguzawa, da gonarta da rumbunta da muryarta a fili, ka dubi 'yar'uwarta da ta tashi a kulle a cikin gari. Bambancin da ke tsakanin jama'a da jama'a al'ada ce da addini da tattalin arziki suka gina shi, ga shi nan ido na gani. A cikin kowane ɓangare kuma za ka sami mai surutu da mai shiru, jarumi da matsoraci, kuma a nan ne gado ke aikinsa.

Ta ina gadon ke bi ya zama hali? Ta ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin gado ba su san wani abu wai shi kunya ba. Aikinsu gina jiki ne, ciki har da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin kai da sinadaran da suke aika wa juna saƙo da su. Can ciki, ta wajen kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu da ake kira amigdala, masu kaɗa ƙararrawa idan aka ga baƙon abu. A wasu mutane ƙararrawar kusa take, a wasu sai an daɗe ana bugawa.

Je ka asibitin sha-ka-tafi a Hunƙuyi ko Paki ranar rigakafi ka zauna a bencin mata. Jarirai ne 'yan wata uku da huɗu, ba wanda aka fara yi wa tarbiyya. Wani tun daga ganin farar riga ya sandare, ya banƙare baya, ya tsanyara kuka har a fita da shi bai yi shiru ba. Wani allurar ce kawai ta sa ya yi ƙara, aka sa masa nono ya manta. Na ji wata matashiya tana jijjiga nata tana ce wa surukarta, "Inna, yaron nan ya cika rigima, ko wani abu ke damunsa?" Tsohuwar ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, lafiyarsa lau. Ubansa ma haka ya yi mini." Abin da tsohuwar ta sani shi Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya auna daga 1989, da jarirai kusan 500 'yan wata huɗu. Ya nuna musu sababbin abubuwa, ya jiyar da su baƙin sauti da ƙamshi. Kimanin kashi 20 suka rikice da kuka da harbe-harbe, kimanin kashi 40 suka tsaya kallo hankali kwance. Da aka bi su shekara da shekaru, 'yan rukunin farko sun fi zama masu ɗari-ɗari da baƙo. Da yawansu sun sassauto sun zama tsaka-tsaki, abin da ya yi wuya shi ne mai ɗari-ɗari ya koma uban 'yan kasada. Wato gado na shata iyaka, amma filin da ke cikin iyakar yana da faɗi.

Bayan goshi kuma akwai sashen da ke taka wa mutum burki, mai auna abin da zai biyo baya kafin hannu ya kai. Shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25, abin da ya sa saurayi ɗan sha bakwai ke aikata abin da shi kansa zai yi mamakinsa a talatin. An fara gane aikinsa ne ta hanyar haɗari. Ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Vermont, nakiya ta tashi da wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai zagi, marar haƙuri, mai fara abu ya watsar. Masu ba da labarin sukan manta ƙarshensa: daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da tsari da iya zama da mutane. Ya rasu a 1860.

Irin Gage suna nan tare da mu, babur ne ke samar da su. Na san wani magidanci ɗan acaɓa da ya faɗi a kan titi goshinsa ya daki kwalta, ba hular kwano. Ya kwanta, ya warke, ya dawo gida da ƙafarsa. Bayan 'yan watanni matarsa ta yi yaji. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba ya koma jifa da kwano, yana faɗa wa surukinsa baƙar magana a gaban jama'a. Dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce ta shafe shi a wurin da ya faɗi, aka yi ta hayaƙi da rubutu, ba wanda ya haɗa abin da tabon da ke goshinsa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Irin wannan aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne, akwai su a asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu kuma bai tsaya ga haɗari ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yakan bar yaro da rashin natsuwa da saurin faɗa bayan ya tashi. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da yawa da raunin ƙwaƙwalwa. Ga kodin da gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi a maganin tari a 2018, ga tiramol, suna faɗa wa sashen burkin nan daidai lokacin da yake nuna. Yaron da yunwa da zazzaɓi suka taɓa, idan ya taso da wuyar sha'ani muka ce halin gidansu ne, mun ɗora wa jini laifin da ba nasa ba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa nake taka-tsantsan da adadin da aka samo daga ƙasashen da kusan kowane yaro ke ƙoshi. Inda tazarar gida da gida ta kai ta ƙoshi da yunwa, rabon muhalli zai iya fin haka.

Saura tambaya ɗaya. Idan akwai hali mafi kyau, me ya sa tsawon zamani bai tace mutane sun koma kansa ba? Na san kalmar juyin halitta na tayar wa da yawa daga masu karatu hankali, saboda gardamar asalin ɗan Adam. Abin da babin nan ke buƙata bai kai can ba. Tankaɗe da rairayar da muhalli ke yi wa masu rai abu ne da aka auna a ƙasar Hausa. A aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a Garki, cikin Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, an tarar kimanin kashi 24 na jarirai na da jinin AS, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kusan 29. Ba a sauya wa kowa jini ba, zazzaɓi ne ya fi ɗaukar masu AA, masu AS suka fi tsira. Ƙwayar da ke jawo sikila ga wanda ya gaje ta ta ɓangare biyu ita ce ke kare wanda ya gaje ta ta ɓangare ɗaya, shi ya sa ba ta ɓace ba.

Masana na ganin hali ma yana da irin wannan ciniki, kowane da ribarsa da asararsa. A Holan an bi wasu ƙananan tsuntsayen daji shekara da shekara, aka ga wanda ya fi tsira tsakanin mai kutsawa da mai ɗari-ɗari yana sauyawa gwargwadon yalwar abincin hunturu. A 1974 wani likita, Marten deVries, ya auna halin jariran Masai a Kenya ya ware masu sauƙi da masu rigima. Fari ya tsananta, da ya koma sai ya tarar mutuwa ta fi yawa a cikin masu sauƙin. Yaran da ya samu kaɗan ne, don haka ba a gina hukunci a kansu, amma dalilin a fili yake: ranar da nono ya yi ƙaranci, mai kuka ake fara ba. Haka yake a gari. Mai kasadar da ya zuba duk jarinsa a tumatirin rani a Ikara, shekarar da kasuwa ta yi kyau shi ne mai sabon babur, shekarar da tsutsa ta faɗa wa gonaki ko kwando ya faɗi warwas kuwa, ɗan'uwansa mai tsoron nan da ya ɓoye masara a rumbu shi zai ciyar da gidan. Barkow ɗin da ya zauna da mutanenmu, ya kuma yi aiki a Maraɗi a kan yadda mutane ke neman girma da daraja, yana cikin mutum uku da suka shirya littafin The Adapted Mind a 1992, wanda ake ɗauka tushen nazarin tunanin ɗan Adam ta fuskar juyin halitta. Fannin yana da masu suka, kuma wasu bayanansa hasashe ne da ke jiran hujja.

Shin mai hali na iya barin halinsa? Malamanmu sun riga masana na yau shiga wannan. A hadisin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi, an yabe shi da haƙuri da rashin gaggawa, ya tambaya ko shi ya koye su ko an halicce shi da su, aka ce masa halitta ce. Imam Gazali kuma a Ihya'u ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyuwa, ya ce da haka ne da wa'azi da horo ba su da amfani, tare da bayyana cewa ba a tumɓuke fushi da sha'awa, daidaita su ake yi, kuma wani ya fi wani saurin karɓar gyara. Awon zamani ya zo daidai da wannan. Binciken da ya bi mutane tsawon rayuwa ya nuna yawanci suna ƙara natsuwa da riƙon amana tsakanin shekara 20 da 40, lokacin da aure da sana'a suka hau kansu, kuma nazarin bincike 207 da aka buga a 2017 ya nuna jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararru na rage saurin damuwa cikin 'yan watanni. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa siffofi goma, ciki har da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da adalci. Babu fara'a ko shiru-shiru a cikinsu. Mai zafi na iya zama mutumin kirki, mai sanyi ma haka, sai dai haƙurin da ɗaya ya samu a sauƙaƙe ɗayan da gumi zai same shi. Uba mai 'ya'ya goma da ke auna su da sanda ɗaya zai karya mai tsoro, ya kuma kasa tanƙwara mai taurin kai. Malamin allo da na boko su ma haka.

Kusan duk adadin da na kawo a babin nan daga jikin wasu aka samo shi. Wani nazari na 2019 ya nuna kimanin kashi 79 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Mu kuwa muna da abin da masu bincike ke nema ruwa a jallo: tagwaye da sunansu ke bayyana su, 'ya'yan riƙo, 'yan uba da suka tashi tsakar gida ɗaya da uwa daban-daban, da 'yan ɗaki ɗaya da aka tura wani allo wani boko. Jami'ar Ahmadu Bello na nan Zariya, ga makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Makarfi. Ina kira ga malamansu da ɗalibansu su buɗe rajistar tagwaye a Ikara da Makarfi da Kudan, da yardar iyaye da sanin hakimai da limamai, su tsara tambayoyin da Hausa, su bi yaran tun daga ranar suna har su yi aure.